Yadda Mahaya Suka Daina Jingina Baya



A ƙauyukan Ingila da Ayalan, da wuya mako ya ƙare a lokacin zafi ba a kafa sanduna a wani fili ana ƙaramar gasar tsallaken dawaki ba. Yara da manya kowa da dokinsa, wani ma ƙuru ne. Akan jera shingaye kamar goma, kuma a rukunin masu koyo tsayinsu ba ya kai mita ɗaya. Kafin a fara, mahaya kan zaga filin da ƙafa suna ƙirga taku tsakanin shingaye, domin takun doki ɗaya a sassarfar tsalle ya kai kusan ƙafa 12. Wanda dokinsa ya kayar da sanda a rubuta masa laifi huɗu, wanda nasa ya turje shi ma huɗu. Waɗanda suka fita ba laifi su sake karawa, mai sauri ya ci. Kyautar sau da yawa ɗan ƙyalle ne da aka naɗe kamar fure.

Asalin wasan ba daga nishaɗi yake ba. A ƙarni na 18 da farkon na 19, majalisar Ingila ta yi dubban dokoki da suka bai wa masu ƙasa damar killace filayen da a da jama'a ke kiwo da noma a cikinsu. Talakawa suka rasa makiyaya. Su kuwa attajirai masu farautar yanyawa a kan doki suka wayi gari ko'ina suka nufa shinge ne a gabansu. Nan take dokin da ya iya tsalle ya yi daraja, kuma mai sayarwa na bukatar inda zai nuna iyawar hajarsa. Haka tsalle ya shiga bajekolin dawaki a Dublin da Paris da Landan a shekarun 1860. A 1907 aka buɗe babban taron Olympia a Landan, wasan ya samu gurbi a gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm, a 1921 kuma aka kafa hukumar wasannin dawaki ta duniya. Dokokin farko ma warin farauta suke yi: ba a ƙirga lokaci, kuma bugun sanda da ƙafar gaba ya fi na ƙafar baya laifi, saboda a daji shi ne ke kifar da doki da mahayinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne zaman mahayi. In muka duba tsofaffin zanen farautar Turawa, za mu ga mutum ya miƙe ƙafafu gaba, ya jingina baya, ya ja linzami iya ƙarfinsa yayin da doki ke sama. Ba mugunta ba ce, koyarwar malamai ce. An yi imani ƙafafun gaban doki ba su da ƙarfi, don haka taimakonsa shi ne a ɗaga masa kai ya dira da na baya. Shekaru aru-aru ana yaga bakin dawaki da sunan tausayi.

Wani hafsan sojan doki na Italiya, Federico Caprilli, wanda aka haifa a 1868, ya yi abin da ya kamata a yi tun farko: ya saki dawaki su yi tsalle ba mahayi, ya zuba musu ido. Ya ga kowannensu yana miƙa wuya gaba, yana lanƙwasa baya, yana dira da ƙafafun gaba lafiya lau. Sai ya gajarta likkafa, ya ɗaga jikinsa daga sirdi, ya karkata gaba, ya bar hannuwansa su bi bakin dokin. Manyansa ba su karɓa da wuri ba, don ba kowane babba ke son ƙarami ya nuna masa kuskurensa ba. Amma a 1902, a Turin, ya tsallake mita 2.08. Makarantar sojan doki ta Pinerolo ta rungumi tsarinsa, hafsoshin wasu ƙasashe suka riƙa zuwa koyo. A 1907, yana da shekara 39, ya faɗo daga doki ya rasu, alhali dokin tafiya kawai yake yi.

A nan muna da ɗan tsokaci ga masu rubuta labarin jarumai a cikinmu. Sirdinmu na hawan sallah, mai tudu gaba da baya, an yi shi ne don ya riƙe mutum a miƙe lokacin sukuwa da tsayawar jafi. Duk wanda zai sa jaruminsa ya tsallake katanga a kan irin wannan sirdi, ya fara tambayar kansa ina cikin jarumin zai shiga in ya karkata gaba.

Bayan Caprilli shingaye suka yi ta tsawo. A 1949, a ƙasar Chile, Alberto Larraguibel da dokinsa Huaso suka tsallake mita 2.47, kuma har yau hukumar ba ta rubuta wanda ya wuce su ba. Mata ba su shiga tsallen Olamfik ba sai 1956, inda Pat Smythe ta samu tagulla tare da tawagar Birtaniya. A 1968 kuma, a Meziko, Marion Coakes ta ci azurfa a kan Stroller, ƙurun da tsayinsa a kafaɗa bai kai mita ɗaya da rabi ba. Mahaifinta ya saya mata shi ne tana yarinya don gasar yara, da ta girma ta ƙi rabuwa da shi.