King Tubby: Mai Gyaran Rediyon da Ya Sauya Yadda Ake Haɗa Sauti

Yau tarihi za mu taɓa, amma irin wanda zai amfani masu kwana gaban kwamfuta suna haɗa kiɗa. Bari in fara da abin kunyar da ya same ni.

Shekara biyu da suka wuce, ni da ƙanena muka zauna haɗa 'yar waƙar sanarwa ta wani taron matasa a unguwarmu. Kwana uku muna kan FL Studio. Duk abin da ya yi mana daɗi sai mu ƙara: ganga kala uku, fiyano, sarewa, tafi, murya a kan murya, har layukan sauti suka haura talatin. A iyafis kam abin ba a magana. Amma ranar da aka ɗora lasifika a kan mota aka zaga gari, babu wanda ya ji ranar taron, balle wurin da za a yi shi. Wata dattijuwa ta tare ni ta ce, "Ɗan nan, bikin wa ake yi ne?" Ƙanena ya ce, "Yaya, kayan aiki ne ba mu da su." Ni ma na yarda da shi, har sai da na ci karo da tarihin wani mutumin Jamaika.

Sunansa na yanka Osbourne Ruddock, duniya ta san shi da King Tubby. An haife shi a birnin Kingston a 1941. Bai yi suna da waƙa ko kaɗa jita ba. Sana'arsa gyaran rediyo da talabijin, yana naɗa taransifoma da hannunsa, yana ƙera amfilifaya. A Kingston ta wancan zamani, talaka ba a falonsa yake jin sabon kiɗa ba. Fili ake samu a jera manya-manyan akwatunan lasifika, a sa faifai, a kwana ana rawa. Masu waɗannan kayan gasa suke yi da juna, kowa na neman faifan da abokin hamayyarsa ba shi da shi. Tubby yana yi musu gyara, kuma ya kafa nasa, mai suna Home Town Hi-Fi.

Wajen ƙarshen shekarun 1960 ya yi aikin yanka faifai a sutudiyon Treasure Isle na Duke Reid. A daidai lokacin ne aka gano cewa idan aka sa waƙar da mutane suka sani amma babu muryar mawaƙin, sai fili ya ɗauka da kansa. Daga nan aka fara cika bayan ƙananan faifai da kiɗa zalla, wanda masu riƙe makirfo irin su U-Roy ke zuba zance a kai. Wasu injiniyoyin iyakarsu su kashe murya. Shi Tubby sai ya ga ai kowane layi ana iya kashe shi, a kuma dawo da shi lokacin da ake so.

A 1972 ya sayi tsohon teburin haɗa sauti ƙirar MCI daga sutudiyon Dynamic Sounds, ya girka shi a wani gida a titin Dromilly, unguwar Waterhouse, ɗaya daga cikin unguwannin talakawan Kingston. Wurin bai isa a tara makaɗa ba. A wasu sutudiyoyin ake ɗaukar kiɗan, furodusoshi irin su Bunny Lee su kawo masa tef. Layi huɗu kacal gare shi: galibi ganga a ɗaya, jitar bes a ɗaya, sauran kayan kiɗa a ɗaya, murya a ɗaya. A kan layi huɗun nan kiɗan dub ya girma. Duk mai son ji da kunnensa ya nemi faifan King Tubbys Meets Rockers Uptown na 1976, wanda suka yi da Augustus Pablo.

To, me yake yi da hannunsa? Nan ne darasin.

Na farko, ragi. Zai bar ganga da bes su kaɗai su yi ta tafiya, sannan ya leƙo da jita na daƙiƙa biyu ya janye. Kunne kamar ciki yake, sai ya ji yunwa yake sanin daɗin abinci. Idan za ka gwada, kashe layukanka ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka kashe ba ka ji kewarsa ba, goge shi.

Na biyu, rariya. Teburinsa na da wani babban abin murɗawa da ke tace kaurin sauti ya bar siririn, mataki-mataki. Yana murɗa shi kiɗa na tafiya, sai ka ji sautin na sirancewa yana dawowa. Yau kowace manhaja tana da irinsa. Amfaninsa na yau da kullum shi ne raba wa kowa wurinsa: kaurin ƙasa na babbar ganga ne da bes. Murya, fiyano da tafi, tace musu abin da ke ƙasa da wajen 100 a ma'aunin Hz. Idan kowa ya taru a ƙasa, kunu za ka dama. Wallahi wannan ce ta kashe mana waƙarmu.

Na uku, amsa-kuwwa da awo. Da na'urar tef yake samar da ita, kuma ba ya zuba ta a kan waƙa gaba ɗaya. Kalma guda zai cafke, ko bugun ganga guda, ya tura, sai ta yi ta maimaita kanta tana dusashewa. Yana kuma da akwatin sifirin mai sa sauti ya yi kamar a babban zaure ake, wani lokacin har bugunsa yake yi ya ba da ƙara irin ta tsawa. Kai ma ware wa amsa-kuwwa layinta daban, ka tura mata ƙarshen jimla kawai, kalmomin tsakiya su fita tas.

Na huɗu, sanin inda za a saurara. Tubby mai lasifikar fili ne, ya san yadda bes ke dukan ƙirji a waje, don haka da filin a ransa yake haɗawa. Namu masu sauraron a waya suke ji, a adaidaita sahu, a lasifikar mai kiɗan biki. Kafin ka ce ka gama, saurara a ƙaramar waya. Ita ba ta iya fitar da kaurin ƙasa, saboda haka in muryarka ta ɓace a nan, koma ka gyara.

Bai riƙe ilimin a cikinsa ba. Yaran da suka koya a ɗakinsa sun haɗa da Scientist da Prince Jammy, wanda daga baya ya zama King Jammy. Shi Jammy ne a 1985 ya fitar da Under Mi Sleng Teng ta Wayne Smith, wadda aka gina kan wani kiɗa da ke cikin ƙaramin fiyanon Casio MT-40. Waƙar nan ita ta juya akalar kiɗan Jamaika zuwa na'ura. Daga baya dabarun dub suka bayyana a kiɗan tekno na Jamus a shekarun 1990, da dubstep da ya taso a kudancin Landan a farkon shekarun 2000. Al'adar ɗauko waƙa a warware ta a sake ɗinkawa, wadda kowane DJ ke yi yau, tana da jijiya a Waterhouse.

Ƙarshensa akwai ban tausayi. Ranar 6 ga Fabrairun 1989 aka harbe shi a ƙofar gidansa a Duhaney Park, yana da shekara 48.

Ba ina cewa kayan aiki ba su da amfani ba ne. Makirfo mai kyau daban yake, kuma duk wanda wuta ta ɗauke masa yana tsakiyar aiki ya san rashi gaskiya ne. Amma tsohuwar kwamfutar da ke ɗakin ƙanena tana ɗaukar layukan da Tubby bai taɓa samu ba, ga rariya da amsa-kuwwa kyauta. Abin da ya fi mu shi ne ya san kayansa ciki da bai, kuma ba ya jin tsoron cirewa. Da yawanmu mun ajiye baiwarmu muna jiran ranar da za a saya mana sutudiyo, alhali da babu gara ba daɗi.

Mun koma kan waƙar nan tamu, duk da taron ya riga ya wuce. Daga layi talatin da wani abu muka dawo bakwai. Muka sa ta a wayar mahaifiyarmu, tana daga kicin ta maimaita mana ranar da wurin. Ƙanena ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ashe mu ne."

Aikin gida na wannan makon: buɗe tsohon aikinka, zaɓi layi huɗu kacal, ka haɗa da su. Ku faɗa mini abin da kuka ji.