Tarihin Lissafin Saƙar Zuma

Lissafin saƙar zuma tsohuwar tambaya ce da ta haɗa masana lissafi da masu nazarin dabbobi: me ya sa ƙudan zuma ke gina ɗakunansa masu kusurwa shida, kuma ko akwai wata siffa da ta fi wannan tsimin kayan gini? An fara rubuta batun a ƙasar Rum wajen shekara 36 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, amma cikakkiyar hujja ba ta samu ba sai a 1999, a hannun wani Ba'amurke mai suna Thomas Hales. Tsakanin nan an yi sama da shekara dubu biyu kowa na ganin amsar da idonsa, an rasa mai tabbatar da ita a kan takarda.

Tsadar kaki

Wanda ya taɓa tsayawa inda ake sauke amya daga kan bishiya, ya karɓi ɓallin sabuwar saƙa ya ɗaga ta a rana, zai ga haske na ratsa bangayenta saboda tsabar siranta. Kaurin bango ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ɗakunan jeri biyu ne da suka juya wa juna baya, kowanne da ƙofarsa a nasa ɓangaren, kuma bakinsu ya ɗan ɗaga sama da kamar digiri 9 zuwa 13 don kada zuma ta tsiyaye. Faɗin ɗakin da ake renon ma'aikaciya bai wuce milimita biyar da ɗoriya ba, na maza kuwa ya haura shida.

Duk wannan gini da kaki ake yin sa, kakin kuma daga jikin ƙudan yake fitowa. Ma'aikata masu kwana 12 zuwa 18 da fitowa daga ɗakin reno suna da kafofi takwas a ƙasan cikinsu, inda kakin ke tsattsafowa ya daskare ya zama 'yan ɓawo farare. Sai an tara irinsu fiye da dubu kafin a sami giram ɗaya. Masu nazari sun kiyasta cewa sai ƙudan ya sha kilo shida zuwa takwas na zuma kafin ya fitar da kilo ɗaya na kaki. Ke nan duk bangon da aka gina, abincin rani aka taɓa. Gidan da ya iya tsimin kaki shi ke da rarar da zai ci ya kai baɗi.

Daga Rum zuwa Iskandariyya

Wanda ya fara rubuta batun a Rum shi ne Marcus Terentius Varro. Yana da shekara tamanin ya rubuta littafinsa na noma da kiwo. A babin kiwon zuma ya lura cewa kusurwoyin ɗakin shida ne, daidai da yawan ƙafafun ƙudan, sannan ya ƙara da cewa masana siffofi sun nuna wannan siffa tana ɗaukar fili mai yawa. A taƙaice ya faɗi abin ya wuce.

Wanda ya zauna ya warware zancen shi ne Pappus, malamin lissafi na birnin Iskandariyya a Masar, a ƙarni na huɗu. A gabatarwar kashi na biyar na kundinsa ya nuna cewa siffofi uku kaɗai, cikin masu gefe daidai da kusurwa daidai, za su iya shimfiɗuwa a fili ba tare da barin giɓi ba. Dalilin a fili yake. Kusurwoyin da suka haɗu a wuri guda dole su cika digiri 360. Alwatika mai kusurwar digiri 60, shida za su cika. Murabba'i mai 90, huɗu. Mai kusurwa shida, wadda kowace kusurwarta 120 ce, uku. Mai kusurwa biyar kuwa tata 108 ce: uku su ba da 324, a bar giɓin 36, ta huɗu kuma ba ta da wurin shiga.

Cikin ukun nan wace ce ta fi arha? A ɗauki filin da girmansa ya kai murabba'in santimita 100. Idan aka kewaye shi da alwatika, za a ci bango mai tsawon santimita 45.6. Murabba'i zai ci 40. Mai kusurwa shida za ta tsaya a 37.2. Da'ira ta fi su duka, domin 35.4 ya ishe ta, sai dai da'irori in an jera su ba sa haɗe baki.

Malaman Musulunci ma sun shiga zancen, tun da yake sura ta 16 a Alƙur'ani sunan ƙudan zuma take ɗauke da shi, kuma ta ambaci gidajensa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo hujjar a Ihya'u Ulumiddin, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan malamai na ƙasar Hausa. Ya bayyana cewa jikin ƙudan kewayayye ne mai ɗan tsawo, don haka ɗaki mai kusurwa huɗu zai bar lunguna a banza, kewayayyen ɗaki kuma zai bar giɓi tsakaninsa da na kusa da shi. Siffar da ta fi kusa da da'ira kuma take mannuwa da 'yan'uwanta ita ce mai kusurwa shida. Fahruddin Razi ya taɓo batun shi ma a tafsirinsa na wannan sura.

Rigimar gindin ɗaki

A 1611 Bajamushen masanin taurari Johannes Kepler ya fitar da wani ɗan littafi kan dalilin da ya sa ƙwayar dusar ƙanƙara take da kusurwa shida. A ciki ya karkata ga saƙar zuma, ya kula da abin da na baya ba su tsaya a kai ba, wato gindin ɗakin. Gindin ba shafaffe ba ne. Faifai uku ne masu gefe huɗu daidai, kamar murabba'in da aka matse ta kusurwoyi biyu, sun jingina da juna sun yi tsini. Kowane faifai kuma bango ne na wani ɗaki daban a ɗaya ɓangaren, don haka ɗaki ɗaya yana kan gindin ɗakuna uku.

Shekara ɗari bayan haka, a 1712, Giacomo Maraldi na cibiyar kallon taurari ta Paris ya auna kusurwoyin faifan nan, ya sami kimanin digiri 110 da 70. Da ya yi lissafi bisa zaton cewa kusurwoyin faifan daidai suke da na bangayen gefen ɗakin, sai ya fitar da digiri 109 da minti 28, da kuma digiri 70 da minti 32. Minti a nan kashi ɗaya ne cikin sittin na digiri.

Masanin ƙwari René de Réaumur ya yi zargin cewa tsimin kaki ne ya kawo waɗannan lambobi. Sai ya miƙa wa wani matashin masanin lissafi, Samuel König, tambaya: wace kusurwa ce za ta rufe gindin da mafi ƙarancin kaki? A 1739 König ya kawo amsa: digiri 109 da minti 26. Bambancinsa da Maraldi minti biyu ne tak, aka yi ta mamakin yadda ɗan ƙwaro ya kusa cin jarrabawar manyan malamai. A 1743 Colin Maclaurin na Sikotilan ya sake lissafin ta wata hanya, ya sami 109 da minti 28. Ashe König ne ya yi tuntuɓe a lissafinsa. Daga nan labari ya bazu cewa ƙudan zuma ya gyara wa masana kuskure, alhali babu mai iya auna ɗan faifan kaki har zuwa minti ɗaya, kuma kusurwoyin saƙa ta gaske sukan saɓa da 'yan digirori daga ɗaki zuwa ɗaki.

Yaya suke ginin?

Sanin cewa siffar tana da arha bai faɗi yadda ƙudan ke kaiwa gare ta ba. François Huber na Geneva, wanda ya makance tun yana saurayi, ya shafe shekaru yana nazarin zuma da idon mai yi masa hidima, François Burnens. Ya ƙera amya mai buɗewa shafi-shafi, kuma ta hanyar tsare ƙudaje a ba su zuma ko sukari kawai ya nuna cewa suna iya yin kaki ba tare da garin fure ba.

Charles Darwin ya ɗauki saƙar zuma a matsayin ɗaya daga cikin manyan ƙalubalen da ke gaban ra'ayinsa kan asalin halittu, ya ba ta wuri mai faɗi a littafinsa na 1859. A 1858, da taimakon wani mai kiwon zuma, William Tegetmeier, ya riƙa sa allunan kaki a cikin amya yana duba abin da za a yi da su. Ya ga ƙudajen suna fara haƙa 'yan ramuka kewayayyu, kowanne da tazara daidai daga na kusa da shi. Ramukan na faɗaɗa, inda biyu suka kusa haɗuwa sai a daina haƙa, a bar miƙaƙƙen bango a tsakani. Ya kuma shafa jan launi a gefen saƙar da ake kan ginawa. Da ya dawo, sai ya tarar launin ya watsu cikin bangayen ɗakuna da yawa, shaidar cewa ƙudaje barkatai ne ke ɗebe kaki daga nan su liƙa a can, kowa ya ɗora kan aikin wani.

Wasu kuma sun ce matsi ne kawai ke yin aikin, kamar yadda kumfar sabulu ke zama mai kusurwa shida in ta cunkushe. D'Arcy Thompson ya ƙarfafa wannan ra'ayi a 1917, kuma a 2004 da 2013 an fitar da nazarce-nazarcen da ke cewa ɗumin jikin ƙudan ne ke tausasa kakin har ya miƙe da kansa. Wasu masu binciken a Jamus sun auna zafin kakin lokacin gini, suka ce bai kai inda zai malala ba, ƙudan ne ke sassaƙa shi da baki, yana taɓawa da 'yan ƙahonin kansa don jin kauri. Wannan muhawara tana nan da ranta.

Hujjar da ta daɗe ba ta zo ba

Pappus ya gwada siffofi uku ne kawai. To, idan aka gauraya siffofi iri-iri fa, ko aka bar bangaye suka lanƙwasa? A 1943 László Fejes Tóth na ƙasar Hangare ya tabbatar da cewa muddin bangayen miƙaƙƙu ne, ba abin da zai kayar da mai kusurwa shida. Saura masu lanƙwasa, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ɗakin da bangonsa ya yi ciki zuwa waje yana matsawa kusa da da'ira, don haka ya ci riba. Amma bangon na mutum biyu ne. Kamar maƙwabta ne da katanga ɗaya ta raba: in ta turo ciki zuwa gidan wannan, tsakar gidan wancan ta ƙaru, tasa ta ragu. Haka kuma ɗaki mai gefe bakwai ko takwas ya fi mai shida arha in shi kaɗai ne, sai dai wata ƙa'ida da ta samo asali daga Leonhard Euler ta nuna cewa in aka raba fili ɗaki-ɗaki, matsakaicin yawan gefe ba zai wuce shida ba. Duk mai bakwai sai an sami mai biyar da zai biya bashinsa. Aikin shi ne a nuna cewa, ko yaya aka juya, hasarar ba za ta taɓa gaza ribar ba.

Thomas Hales, a Jami'ar Michigan, ya zo kan tambayar ne bayan ya gama da wata da ta fi ta nauyi. A 1998 ya sanar da hujjar hasashen Kepler kan hanya mafi tsimin wuri ta tara ƙwallaye masu girma ɗaya, hasashen da ke cikin ɗan littafin nan na 1611. Wannan aiki ya ci shafuka kusan 250 da ɗimbin lissafin kwamfuta. Na saƙar zuma kuwa cikin 'yan watanni ya kammala shi a 1999, a shafuka kamar ashirin. Ya ƙirƙiro ma'auni guda da ke cin tarar kowane ɗaki gwargwadon lanƙwasar bangonsa da yawan gefensa, ya nuna cewa in an tara tarar duka, shimfiɗar masu kusurwa shida ce ke da mafi ƙarancin bango. An buga hujjar a mujallar masana a 2001.

Inda ƙudan bai kai ƙarshe ba

Hujjar Hales ta shafi fuskar saƙa ce, ba gindinta ba. Tun a 1964 Fejes Tóth ya gano cewa in aka rufe gindin da faifai huɗu, biyu masu kusurwa shida da biyu masu kusurwa huɗu, za a rage kaki fiye da yadda ƙudan ke yi, ko da yake ragin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. A 1994 Denis Weaire da Robert Phelan na Dublin suka cusa kumfa jeri biyu tsakanin gilasai biyu. Da ruwan kumfar ya yi ƙaranci, bangaye suka sirance, sai tsarin Fejes Tóth ya fito. Da aka ƙara ruwa bangaye suka yi kauri, sai kumfar ta koma tsarin ƙudan zuma.

Saƙa ta gaske ma ba duka take da kusurwa shida ba. Ƙudaje sukan fara gini a wurare da dama lokaci guda, kuma dole a haɗe sassan, a kuma sauya daga ƙananan ɗakunan ma'aikata zuwa manyan na maza. Wani bincike da masana daga jami'o'in Auburn da Cornell suka fitar a 2021 ya nuna cewa a irin waɗannan mahaɗai ƙudajen na sa ɗakuna masu gefe biyar da masu bakwai, galibi bibbiyu a jere, daidai da abin da ƙa'idar Euler ke buƙata.

Injiniyoyi sun daɗe da ɗaukar darasin. Allunan da ke da saƙa a ciki, masu ƙarfi da rashin nauyi, suna cikin fikafikai da daɓen jiragen sama, kuma babban madubin na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb, da aka harba a Disamban 2021, faifai 18 ne masu kusurwa shida.

Tambayar da ta rage wa masana lissafi ita ce ta sarari mai tsawo da faɗi da zurfi: wace siffa ce za ta raba shi ɗakuna masu girma ɗaya da mafi ƙarancin bango? Lord Kelvin ya kawo tasa amsar a 1887, ta yi sama da shekara ɗari ba a ture ta ba, sai a 1993 Weaire da Phelan suka samo tsarin da ya fi nasa da kimanin kashi 0.3 cikin ɗari. Da wannan tsari aka zana bangon zauren ninkaya na gasar Olamfik ta Beijing a 2008, kuma har yanzu ana jiran wanda zai tabbatar ko shi ne mafi arha ko akwai wanda ya fi shi.