Rumbu Biyu, Suna Ɗaya: Tarihin FFmpeg da Libav a Debian

Matashin da ke tura wa jama'a fina-finan Hausa a waya, a kasuwar Rano ko ta Kibiya, da wuya ya san abin da ke buɗe masa fim. Manhajar VLC da ire-irenta aron hikimar warware hoto da sauti suke yi daga wani rumbu na gama-gari mai suna libavcodec. Aikin FFmpeg ne ya gina shi, aikin da wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya soma a 2000, ya kuma bar asalin rubutunsa a fili don kowa ya duba, ya gyara.

A 2011 saɓani kan shugabanci ya raba ma'aikatan. Waɗansu suka ɓalle, suka kafa Libav, amma ba su sauya sunan rumbunan da suka tafi da su ba. Nan wahala ta faɗo kan Debian, tarin manhajojin kyauta da Ian Murdock ya kafa a 1993, wanda 'yan sa kai ke ɗaure kowace manhaja cikin ƙunshi su daidaita ta da sauran dubbai. Rumbu biyu masu suna ɗaya ba sa zama wuri ɗaya cikin kwamfuta. Abin da ya fi wannan muni shi ne, sannu a hankali abin da ke cikinsu ya sha bamban, har manhajar da aka gina bisa ɗaya tana iya tsayawa cak in ta tarar da ɗayan.

Debian ta bi Libav, kuma ba don an auna an ga ya fi ba: mai kula da ƙunshin yana cikin waɗanda suka ɓalle. Wanda ya kira ffmpeg a kwamfutarsa sai ya ga sanarwa cewa an daina yayinsa, ya koma ga avconv. Mutane da yawa suka ɗauka FFmpeg ya mutu, alhali kuwa yana nan da ransa. Wannan, ko shakka babu, rashin adalci ne ga mai amfani, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Tsaro ne ya juya al'amarin. A Janairun 2014 injiniyoyin Google biyu suka bayyana cewa an toshe kurakurai fiye da 1,000 da bincikensu ya tono a FFmpeg, Libav kuwa bai kai rabin haka ba. Irin wannan kuskure na iya zama ƙofar da ɓarawo zai shiga kwamfuta ta cikin fim. A shekarar aka komo da FFmpeg sashen gwaji na Debian bisa wata dabara: aka liƙa wa rumbunansa kalmar ffmpeg a ƙarshen suna, don su zauna kusa da na Libav ba karo. Duk da haka masu kula da tsaro suka ce ba za su ɗauki nauyin facin rumbu biyu masu aiki ɗaya ba, saboda haka Debian 8 ta fito a Afrilun 2015 da Libav kaɗai.

A Yulin 2015, bayan doguwar muhawara, aka yanke shawarar komawa FFmpeg, aka sake gina manhajojin da suka dogara da rumbun ɗaya bayan ɗaya. Debian 9 ta fito da shi a 2017. Libav ya yi fitowarsa ta ƙarshe a 2018.