Yadda Aka Gane Sankarar Kaluluwa a Cikin Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1929 ne wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Percival Bailey, ya bayyana wani irin ƙari wanda ƙwayoyinsa ke taruwa kewaye da jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Ganin inda suka taru, sai ya ɗauka daga jikin jijiyoyin suka tsiro, ya raɗa wa cutar suna a kan haka. A 1948 kuma Dorothy Russell da abokan aikinta a Landan suka danganta ta da wasu ƙananan ƙwayoyi masu share dattin ƙwaƙwalwa, ta sake samun wani sunan.

Dalilin wannan ruɗani ba boyayye ba ne. Limfoma sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini, irin waɗanda ke zaune a kaluluwa, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta da kaluluwa ko ɗaya. To, ta yaya masani zai yarda cutar kaluluwa ta fara a inda babu kaluluwa? Sai a shekarun 1970 aka tabbatar cewa lalle limfoma ce, wato fiye da shekara 40 bayan Bailey.

Batun suna ba gardamar malamai kaɗai ba ne, domin shi ke nuna magani. Fiɗa ba ta warkar da wannan cuta, saboda tana ratsa naman ƙwaƙwalwa. Magungunan sankara ake ba da ƙarfi, musamman methotrexate.

Na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta Godfrey Hounsfield, wadda aka fara gwadawa a kan majiyyaci a Landan a 1971, ta sa ana ganin ƙarin da ran mai shi. Amma hoto ba ya faɗin irin ƙwayoyin. Sa'an nan ga wani tarko: maganin sitiroyid da akan gaggauta bayarwa don rage kumburi yana kashe ƙwayoyin limfoma, ƙarin ya ɓace daga hoto kamar fatalwa, a tsakuro nama a tarar babu kome, bayan makonni ko watanni ya dawo. Saboda haka likitoci suka koyi jinkirta sitiroyid, in hali ya yi, har sai an zura allura an ɗebo ɗan nama an duba.

Bayan bayyanar ƙanjamau a 1981 masu cutar suka ƙaru ainun, aka kuma riƙa samun ƙwayar cutar Epstein-Barr a ƙarin nasu, ita ce wadda aka gano a 1964 a cikin limfomar yaran Afirka da Denis Burkitt ya bayyana a Uganda.