Tarihin wasan fantasi na ƙwallon ƙafa

Fantasi wasa ne da ɗan kallo yake zama koci daga inda yake zaune. Ana ba shi kuɗin da ba na gaske ba, ya sayi 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyi daban-daban, ya haɗa tasa ƙungiyar. Duk abin da 'yan wasan nan suka yi a fili ranar Asabar ko Lahadi, shi ake juyawa zuwa maki a rubuta masa. Asalinsa musun ƙwallo ne, irin wanda ake kwana ana yi a fada ko a bakin teburin mai shayi, sai dai wannan musun an samar masa alƙali, wato lissafi.

A Amurka aka fara shi, kuma da ƙwallonsu mai kama da zari-ruga. A 1962 Wilfred Winkenbach, ɗaya daga cikin masu ƙungiyar Oakland Raiders, ya zauna a wani otal na New York tare da Bill Tunnell, jami'in yaɗa labaran ƙungiyar, da ɗan jarida Scotty Stirling, suka tsara dokokinsa. A 1963 suka buɗe gasar farko da ƙungiyoyi takwas. Shekaru da dama wasan bai wuce abokai da 'yan unguwa ba, saboda wahalar da ke cikinsa. Dole wani ya ɗauki jaridar Litinin da biro, ya bi sakamako ɗaya bayan ɗaya yana tara wa kowa makinsa.

Wanda ya ɗauko shi ya ɗora a kan ƙwallon da muka sani ɗan jaridar Italiya ne, Riccardo Albini, wanda ya fitar da dokokin Fantacalcio a 1990. Jaridar La Gazzetta dello Sport ta rungume shi a 1994, ya game ƙasar. A Ingila Andrew Wainstein ne ya kafa kamfanin Fantasy League a 1991, shekara guda kafin a fara gasar Firimiya. Jaridar Daily Telegraph ta shigar da shi shafukanta, BBC kuma ta buɗe masa shirin talabijin a 1994 tare da David Baddiel da Frank Skinner. A lokacin ta gidan waya ake aika sunayen 'yan wasa, ko a buga tarho.

Intanet ita ta sauke wa masu wasan nauyin lissafi. A kakar 2002/03 hukumar gasar Firimiya ta buɗe nata, Fantasy Premier League, wanda aka fi kira FPL. Dubban mutane ne suka fara shi, yanzu kuwa ƙungiyoyin da ake rajista a kaka guda sun haura miliyan 10, kuma shiga kyauta ce. Ana ba kowa fam miliyan 100 ya sayi 'yan wasa 15: masu tsaron raga biyu, 'yan baya biyar, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba uku, kuma ba a ɗaukar fiye da uku daga ƙungiya ɗaya. Ɗan gaba ya ci ƙwallo maki huɗu ne, ɗan tsakiya biyar, ɗan baya shida. Wanda ya ba da aka ci yana da uku. Jan kati kuma ya zaftare uku. Kyaftin ana ninka masa makinsa, shi ya sa zaɓensa ya fi komai hana barci. Wanda ya canza 'yan wasa fiye da abin da aka yafe masa, kowane ƙari zai ci masa maki huɗu. Haka za a yi ta yi har mako 38.

Dokar fam miliyan 100 ita ce gishirin wasan. Ba don ita ba, da kowa ya kwashi manyan taurari, an tashi canjaras. Da yake kuɗin ba ya isa, sai gwanin ya zama wanda ya hango ɗan bayan wata ƙaramar ƙungiya mai arha tun kafin jama'a su farga. Magnus Carlsen ɗan Norway, zakaran dara na duniya a lokacin, ya taɓa hawa saman teburin FPL a Disambar 2019, wani ɗan Tanzaniya kuma ya lashe gasar gaba ɗaya a kakar 2017/18.

A ƙasar Hausa gidan kallon ƙwallo ne ya share masa hanya. Tun zuwan Nwankwo Kanu Arsenal a 1999, da Jay-Jay Okocha Bolton a 2002, da Mikel Obi Chelsea a 2006, gasar Ingila ta zama ta gida, ta ƙara shiga rai da Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya koma Leicester a 2016. Da babbar waya ta yi arha, abin da ya rage kawai shi ne wani ya buɗe ƙaramar gasa ya tura wa abokai lambar shiga ta WhatsApp. Matasan Nijar suna da ƙofa biyu: ta Ingila, da ta Faransa, inda Mon Petit Gazon, wanda aka ƙirƙira a 2011, yake ba da Yuro miliyan 500 ana gwanjon 'yan wasa a ɓoye, kuma ɗan wasa ɗaya ba ya zama na mutum biyu a gasa guda. A karkara irin Gamu, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, ilimin ƙwallo kaɗai ba ya wadatarwa. FPL tana rufe ƙofa minti 90 kafin wasan farko na mako, saboda haka mai ƙungiya yana bukatar waya mai caji da rezo mai ƙarfi a daidai wannan lokaci. Akwai kuma ruɗanin agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Nijar da na Ingila ɗaya ne, a sauran watanni Nijar tana gaba da awa guda.

Wasan ya sauya yadda ake kallo, kuma ba duk sauyin ne alheri ba. An sha ganin mai goyon bayan Manchester United yana ɓoye murna don Mohamed Salah, ɗan wasan abokan hamayyarsu, ya ci, saboda shi ne kyaftinsa. Salah ɗin ne ya kafa tarihin maki 344 a kakar 2024/25. Ana koyon lissafi da haƙuri, amma ana rage kallon ƙungiya a matsayin ƙungiya. Idan Kofin Afirka ya faɗo a watan Janairu kuwa, ɗan Afirka sai ya sayar da 'yan wasan nahiyarsa don kada makinsa ya zube.

Babbar damuwa ita ce iyakarsa da caca. A Amurka dokar 2006 ta ware fantasi daga cacar intanet, sai kamfanoni irin su FanDuel a 2009 da DraftKings a 2012 suka bi ta wannan kafa da gasa ta yini guda wadda ake zuba kuɗi. FPL kanta ba ta karɓar ko sisi. Amma da zarar abokai sun ce kowa ya kawo jaka guda, wanda ya zo na ɗaya ya kwashe, hukuncin ya canza a wurin malamai, kuma ƙasar Hausa ba ta ɗaukar wannan da wasa: a 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama.

Duk ginin yana tsaye ne a kan ƙididdiga. A Ingila kamfanin Opta ke rubuta kowane bugu. Kafin matashin Gure ya iya sa ɗan wasan Espoir ta Damagaram ko na Sahel ta Yamai kyaftin, sai an sami wanda zai zauna a bakin fili kowane mako yana rubuta wa ya ci, wa ya ba shi, kuma minti nawa kowa ya buga.