Daga Gora zuwa Inji: Ƙyallen Iska da Tarihin Ruwayen Abuja

Birnin Abuja, wanda aka kafa yankinsa da Doka ta 6 ta ranar 3 ga Fabrairu 1976 a zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnatin tarayya kuma ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba 1991, ba a bakin teku yake ba, ba kuma a gaɓar wani babban kogi ba, saboda haka duk wani faffaɗan ruwa da ke cikinsa hannun ɗan Adam ne ya tare shi. Tafkin Jabi madatsa ce ta ƙasa da aka yi a farkon shekarun 1980 domin shayar da mazaunan birnin na farko, kafin babbar madatsar Usuma da ke kusa da Ushafa a yankin Bwari ta karɓi wannan nauyi, daga baya kuma aka ƙara mata da ruwan da ake janyowa ta bututu daga kogin Gurara. Da aikin shayarwa ya bar Jabi, sai tafkin ya koma wurin shaƙatawa, inda ake ganin kwale-kwalen masunta da jiragen inji da 'yan wasan tseren tuƙi. Abin da ba kasafai ake gani a kansa ba shi ne ƙyallen iska, wato shimfiɗaɗɗen zanen da ake ɗaurawa a jikin ginshiƙi domin iska ta tura jirgi, kuma wannan rashi ya girmi Abuja da ƙarnuka masu yawa.

Harshen Hausa kansa shaida ne. Yana da kwale-kwale da gora da filafili, yana da fito da mashigi da sarautar Sarkin Ruwa, amma ba shi da kalma guda tabbatacciya wadda kowa zai ji ya gane ana nufin zanen da iska ke turawa, alhali sana'ar jirgi a wannan yanki tana cikin mafiya daɗewa a duniya. Kwale-kwalen da wani makiyayi ya gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, yayin da yake haƙar rijiya, tsawonsa ya haura mita 8, kuma masana sun ƙiyasta masa shekaru wajen 8,000, wanda hakan ya sa ya zama mafi tsufa da aka sani a Afirka. Har zuwa ƙarni na 20, Sarkawan Kabi da Yawuri da Kyadyawan ƙasar Nufe sun yi fatauci da kamun kifi da yaƙi a kan kogin Neja da ƙarfin damtse, suna dogara gora a ƙasa inda ruwa bai yi zurfi ba, suna tuƙi da filafili inda ya yi.

Ba ƙarancin dabara ya kawo haka ba, domin mutanen da suka saƙa fari da saƙi suka kai su kasuwannin Sahara ba za su gaza ɗinka zanen jirgi ba. Dalilin yana cikin halin ruwan da halin iskar. A Masar, kogin Nilu yana gangarawa arewa, iska kuma tana kaɗawa daga arewa mafi yawan shekara, don haka matuƙi yana ɗaga ƙyalle ya hau kogin, ya sauke ƙyalle ruwa ya dawo da shi, kuma wannan dace ne ya sa aka fara zana jirage masu ƙyalle a can fiye da shekaru 5,000 da suka wuce. Neja da Binuwai ba su yi wa matuƙansu wannan rangwame ba. Da rani, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa daga arewa maso gabas, ruwa ya janye, rairayi ya fito, hanyar jirgi ta zama siririya mai kwana-kwana. Da damina kuma, lokacin da kogi ya cika ya tumbatsa, iskar kudu maso yamma ba ta da ƙarfin da za ta rinjayi gudun ruwa, sannan guguwar hadari takan taso daga gabas ba sallama, wadda ita ce babbar abokiyar gabar siririn kwale-kwale mai dogon ginshiƙi. A da kuma akwai duwatsun Busa, inda Baturen nan mai bincike Mungo Park ya halaka a 1806. Sai can wajen Mopti ta ƙasar Mali, inda kogi ya baje iska kuma ta samu fili, ake ganin masunta suna harhaɗa buhuna su ɗaga idan iska ta zo musu daidai.

Tafkin Chadi, wanda ya fi kowane ruwa a yankin faɗi, ya haɗu da ƙyallen iska ta hanya mai ban mamaki har sau biyu. A 1850 tawagar James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg ta taso daga Tarabulus ɗauke da wani jirgin katako da aka ƙera a Malta, an rarraba shi gida-gida an ɗora wa raƙuma, aka ratsa Sahara da shi har Barno, inda aka sake haɗa shi aka sa masa sunan Lord Palmerston, Overweg kuma ya yi makonni a 1851 yana zagaya tsibiran mutanen Buduma a cikinsa. Bayan shekaru fiye da ɗari, a 1969, masanin nan ɗan Norway Thor Heyerdahl ya ɗauki maginan jirgi daga bakin wannan tafki, waɗanda suka gaji ɗaure jiragen ciyawar ruwa, suka ɗaura masa jirgin Ra a kusa da dalar Giza a Masar, aka kafa masa ƙyalle mai kusurwa huɗu, ya tashi daga Safi ta Maroko ya ci mafi yawan faɗin tekun Atlantika kafin ya jiƙe ya fara wargajewa. A duka biyun baƙi ne suka kawo ƙyallen, kuma da suka tafi ya tafi tare da su. Ko a Legas, inda aka kafa kulob ɗin jiragen ƙyalle tun 1932, wasan ya daɗe yana hannun Turawa da 'yan tsirarun masu hali. A arewa kuwa, da aka tare Neja a Kainji a 1968 aka samu faffaɗan tafkin da ƙyalle zai iya amfani a kansa, injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale ya riga ya fara shigowa, sai matuƙa suka tsallaka daga gora zuwa inji kai tsaye.

A daidai waɗannan shekaru ne ƙyallen iska ya ɗauki sabuwar siffa a wata duniyar. Wani yaro Bature, Peter Chilvers, ya haɗa allo da ƙyalle a tsibirin Hayling na Ingila a 1958, Newman Darby ya yi irin nasa a Amurka a 1964, amma Jim Drake, injiniyan jiragen sama, da abokinsa Hoyle Schweitzer su ne suka nemi rajistar ƙirƙira a Kaliforniya a 1968 aka ba su a 1970. Asirin abin yana gindin ginshiƙi, domin maimakon a kafe shi tsaye kamar yadda aka saba, an haɗa shi da allon ta wata gaɓa mai juyawa kowane ɓangare, ta yadda mutum zai tsaya a kan allon ya riƙe ƙyallen ta wani mariƙi mai kama da baka biyu da aka haɗa bakinsu, ya karkata shi gaba ko baya ya sarrafa tafiyarsa ba tare da sitiyari ba. Wasan allon iska ya bazu a Turai cikin shekarun 1970, ya shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984, inda Stephan van den Berg na Holan ya ci zinare, mata kuma suka samu nasu rukuni a Barcelona a 1992.

Ƙyallen allon iska na farko iri ɗaya ne ga kowa, mai kusurwa uku, na yadin roba mai laushi, kuma da shi ake shiga tafki da shi ake shiga teku. Rabuwa ta fara ne a tsibiran Hawai a ƙarshen shekarun 1970, inda matasa irin su Robby Naish, wanda ya zama zakaran duniya a 1976 yana ɗan shekara 13, suka riƙa shiga manyan igiyoyin ruwa, suka maƙala wa allo madaurin ƙafa, suka gajarta shi, suka kuma gane cewa dogon mariƙi da faffaɗan ƙyalle masifa ne a wurin da ruwa ke tashi kamar katanga. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan duka ta lissafi ce: ƙarfin da iska ke yi a kan ƙyalle yana ƙaruwa ne da ninkin gudunta a kan kansa, wato idan gudun iska ya ninka biyu, turinta ya ninka huɗu. Shi ya sa ake auna ƙyalle da murabba'in mita, kuma mutum guda yakan mallaki uku ko huɗu, ya zaɓi ɗaya gwargwadon nauyin jikinsa da iskar ranar.

Ƙyallen teku, wanda aka yi domin hawan igiya, ƙarami ne, daga wajen murabba'in mita 3 zuwa 6, mariƙinsa gajere, gindinsa kuma a ɗage yake domin kada kumfar igiya ta kama shi. Ana sa masa 'yan sanduna huɗu ko biyar a kwance kamar haƙarƙari domin su riƙe siffarsa, ana kuma ƙarfafa shi da zare a cikin robar, saboda an san igiya za ta danne shi ta murɗa shi a ƙarƙashin ruwa, wani lokaci a kan duwatsu. Babbar falalarsa ita ce yana iya sakin iska nan take, ya zama kamar babu shi a hannu lokacin da mahayi ke gangarowa daga kan igiya, ya sake cika da zarar an ja shi. Wanda ya ɗauki babban ƙyalle ya shiga irin wannan ruwa domin kwaɗayin gudu, yakan fito da karyayyen ginshiƙi.

Na kwantaccen ruwa kishiyar wancan ne kusan ta kowace fuska, domin inda babu igiyar da za a kauce wa, abin nema shi ne gudu a miƙe. Yana da faɗi, har ya kai murabba'in mita 12.5 a wani rukunin tsere, haƙarƙarinsa ya kai bakwai ko takwas, gindinsa yana saukowa dab da allo domin kada iska ta zurare ta ƙasa, kuma tun tsakiyar shekarun 1980 ake sa masa wasu 'yan matokarai tsakanin haƙarƙari da ginshiƙi, waɗanda ke tilasta masa riƙe lanƙwasa irin ta fiffiken jirgin sama ko da iska ta yi rauni. Samansa kuma a sake yake, yana murɗawa ya zubar da rarar iska idan ta bugo da ƙarfi. Farashin wannan ƙarfi shi ne nauyi, domin aljihun da ginshiƙi ke shiga yana da faɗi, idan ƙyallen ya faɗi ruwa sai ya sha ya yi nauyi, ɗaga shi ya zama aiki. Tsakanin biyun akwai matsakaici, marar matokarai, wanda shi mafi yawan masu wasan nishaɗi ke saye, kuma shi ne a haƙiƙa ya riƙe kasuwar.

Afirka ta ba da fage ga iyakar kowane ɓangare. A tsibirin Sal na Kef Bad akwai igiyoyin Ponta Preta, inda aka yi gasar duniya ta hawan igiya, yayin da a Luderitz ta Namibiya aka haƙa siririn magudani a bakin teku domin a samu ruwa kwance sumul a wurin da iska ke da tsananin ƙarfi, a nan ne kuma Bafaranshe Antoine Albeau ya yi gudun da ya haura kilomita 98 a sa'a a 2015. Wannan misali yana gyara wata fahimta da ta yaɗu, cewa babban ƙyalle na tafki ne, ƙarami na teku: a Luderitz ruwan kwance yake amma ƙyallen ƙarami ne, domin ƙarfin iska ke yanke girma, halin ruwa kuma ya yanke siffa.

Idan aka auna ruwayen Abuja da wannan ma'auni, sai a ga sun faɗa ɓangare mafi wahala. Ruwan kwance yake, amma iskar birnin ba ta kai ta Jos ko Katsina ko Sakkwato ba, kuma duwatsu da dogayen gine-ginen da suka kewaye Jabi suna karya ta, ta zo a yanke-yanke, ta canja fuska cikin ɗan lokaci. Irin wannan wuri babban allo mai faɗi yake so da matsakaicin ƙyalle mai sauƙin ɗagawa, musamman da yake ruwan daɗi bai kai ruwan gishiri ɗaukar nauyi ba, ga kuma tsargiya da ake kamuwa da ita a kwantattun ruwayen ƙasashe masu zafi, abin da ya shafi wasan da mai koyonsa ke yini yana faɗawa ruwa. Usuma ta fi faɗi da sarari, sai dai ruwan shan birni ne, wanda kiyaye tsabtarsa ya gabaci nishaɗi. Sauyin da ya fi kusa da dacewa da irin wannan yanayi shi ne na baya-bayan nan, inda ake kafa wa allo wani fiffike a ƙarƙashin ruwa wanda ke ɗaga shi sama da zarar ya ɗan samu gudu, har ya daina gogar ruwa, ta yadda iskar da a da ba ta isa komai ba take wadatarwa. Da irin wannan allo aka yi tseren Olamfik na 2024 a gaɓar Marseille ta Faransa, maza da ƙyalle mai murabba'in mita 9, mata kuma da mai 8.