Rambo Cikin Kwat: Tarihin Wani Kaset da Darasin da Ya Bari

Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji, to amma ba kowane gani ba ne. Wata Asabar a wajejen shekarar 1994, mu samari huɗu muka taso daga Madakiya zuwa Kafanchan domin mun sami labarin an kawo sabon fim na Rambo a wani gidan kallon bidiyo. Muka biya kuɗi, muka zauna a benci, aka tayar da janareta. Maimakon jarumi mai ɗaurin goshi da bindiga a kafaɗa, sai ga wani mutum cikin kwat yana hawa bene yana sauka, yana ta surutun da ba ma ji sosai, a cikin hoto mai hazo kamar na hunturu. Kafin a kai rabi ɗaki ya ɗauki guna-guni. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan fim, da hanyar da ya biyo ya iso gare mu, da kuma abin da labarinsa ke faɗa game da namu finafinan.

Fim ɗin da Asalinsa

Sunan fim ɗin Oscar. Kamfanin Touchstone na Amurka ne ya fitar da shi a 1991, John Landis ya ba da umarni, Sylvester Stallone kuma ya fito a matsayin Angelo Provolone, wani uban gungun 'yan Mafiya. Mafiya ƙungiyar asiri ce ta miyagu wadda ta samo tushe a tsibirin Sisili na Italiya, ta kuma yi ƙiba a Amurka tsakanin 1920 da 1933, lokacin da aka haramta sayar da giya, fasa-ƙwaurinta ya zama hanyar arziki. An gina labarin a kan shekarar 1931. Mahaifin Angelo, wanda Kirk Douglas ya fito a matsayinsa, ya sa ɗansa ya yi masa alkawari a gadon mutuwa cewa zai tuba. Ranar da ya shirya haɗa hannu da ma'aikatan banki domin ya zama mutumin kirki, ranar ce gidansa ya rikice: akawunsa ya zo neman aure, 'yarsa ta yi ƙaryar tana da ciki, 'yan sanda suna leƙe daga waje, jakunkuna baƙaƙe masu kama da juna suna ta sauya hannu, ɗaya da lu'ulu'u, ɗaya da kuɗi, ɗaya da tufafin 'yar aiki.

Ba a Amurka aka ƙagi labarin ba. Wasan daɓe ne na Bafaranshe Claude Magnier, wanda aka mayar fim a Faransa a 1967 tare da ɗan barkwanci Louis de Funès. Ko a Amurka fim ɗin Stallone bai yi kasuwa ba, masu sharhi da dama kuma sun kushe shi. Abin lura a nan shi ne, irin wannan wasa ya dogara ne ga saurin musayar magana, da motsin fuska, da sanin abin da ke cikin kowace jaka. Fim ɗin yaƙi yana iya jure lalacewar hoto, domin fashewar bam ba ta buƙatar tafinta. Barkwanci kuwa, da zarar murya ta dusashe, fuska ta ɓace, to gishirinsa ya tafi.

Hanyar da Kaset Ya Biyo

Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin VHS a 1976. A 1981 ƙungiyar manyan kamfanonin fim na Amurka ta dakatar da aiko finafinanta Nijeriya ta halattacciyar hanya. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya karya darajar naira, sayo fim na majigi ya gagari masu gidajen silima. Wannan giɓi ne 'yan kasuwar kwafi suka cike. Masanin nan Brian Larkin ya bayyana a littafinsa Signal and Noise na 2008 yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar gurza kaset, inda ake shigo da finafinan Indiya da na Amurka ta wurare irin su Dubai, a jera injuna a yi ta kwafa, dillalai su watsa su cikin Arewa har da maƙwabtan ƙasashe. Gari irin Kafanchan, wanda ya zama mahaɗar layin dogo tun 1927, ya saba karɓar kaya daga Kano, da Kaduna, da Jos, da Gabas. Kaset ma hajja ce, ta biyo hanyar da goro da atamfa suka saba bi.

A kowane zango na wannan tafiya fim yana zubar da wani abu. Da farko, allon silima ya fi akwatin talabijin na wancan zamani faɗi, saboda haka dole a sake yanka hoton domin ya shiga. Na biyu, a lokacin Amurka tana amfani da tsarin NTSC, Nijeriya kuwa PAL, juya hoto daga wannan zuwa wancan yana dagula launi. Na uku, ko sabon kaset ɗin VHS layukan hotonsa ba su wuce kimanin 240 ba. Na huɗu, kuma shi ne mafi muni, kwafin kaset ba ya taɓa kai uwarsa kyau. In an kwafa daga kwafi, aka sake kwafa daga wannan, launi yakan zube ya bar gurbinsa, murya ta koma kamar daga rijiya. A ƙara da ƙurar da ke cin kan inji da wutar janareta mai hawa da sauka. Abin da muka gani ran nan inuwar inuwar fim ce. Da aka zazzage jaka a kan tebur, ba mu iya bambanta lu'ulu'u da tsumma ba, alhali a nan ne dariyar take.

Faifan VCD, wanda aka ƙirƙiro a 1993, ya zo da nasa ciwon: hoto yakan farfashe ya zama 'yan murabba'ai, faifai ɗaya kuma ba ya ɗaukar fiye da minti saba'in da 'yan kai, sai a raba fim biyu. Sai da DVD ya zo, daga baya kuma Blu-ray a 2006 mai layuka 1,080, sannan kallon gida ya kusanci na silima. An sake fitar da Oscar a waɗannan faya-fayai. Da na kalle shi bayan shekaru, na ga ɗinkin kwat, na ji kowace kalma, na yi dariyar da aka hana ni ina saurayi. Ba gagarumin fim ba ne, amma bai cancanci tsinuwar da muka yi masa ba.

Ina Uwar Namu?

Me ya sa aka iya dawo da shi tas? Saboda a kan zaren majigi aka ɗauke shi, uwar kuma tana ajiye a rumbun masu shi. Duk ɓarnar da aka yi a hanya, kwafi ta shafa. Ko a gida muna da misalin haka. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana zaton ya salwanta. Da aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

To amma finafinan bidiyo na Hausa fa? Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, har zuwa wasannin farko na marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, da kyamarar bidiyo aka ɗauke su. Kaset shi ne uwa, shi ne ɗa. Babu wani zare da ke jira a rumbu. Haka abin yake ga kaset ɗin bukukuwan aure, da na mawaƙan coci, da na raye-rayen gargajiya na Bajju, da Atyap, da Kagoro, da masu kyamara suka ɗauka a yankinmu. Zaren kaset yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba, danshin doguwar daminar kudancin Kaduna kuma yana sa masa fumfuna. Injin da zai karanta shi ma yana ƙarewa, domin kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera shi, ya daina a 2016.

Kammalawa

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu da muka yanke wa fim ɗin wasu hukunci a kan gurɓataccen kwafi, ya kamata mu ji tsoron ranar da jikokinmu za su auna hikimar 'yan wasanmu da ɗan guntun hoto mai hazo a waya, ko ma su tarar babu komai. Aikin bai fi ƙarfin ɗalibai ba: a bi gidaje da tsofaffin shaguna a nemo kaset, a fifita mafi kusa da uwa, a rubuta sunan fim da shekararsa da masu shi, a nemi izini, a juye shi a kwamfuta, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Sashen Hausa da ya iya tattara tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi zai iya tattara kaset daga ƙarƙashin gadonsu, matuƙar an fara tun fumfuna ba ta gama aikinta ba.